Bas, Adaidaita, Shata ko Motar Waya: Wanne Ya Dace da Tafiyarka a Kano?

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, kuɗin mota ya shiga sahun manyan abubuwan da magidanci ke lissafawa a Kano, tare da cefane da kuɗin makarantar yara. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta kai dubu a gidajen mai da yawa. Ma'aikacin kamfani a Bompai da ke zaune a Rijiyar Zaki, da ɗalibar BUK da ke fitowa daga Hotoro, da yaron shago a Kantin Kwari da gidansu ke Bachirawa, duk tambayarsu ɗaya ce da safe: me zan hau ya kai ni a kan lokaci, ba tare da ya cinye abin da na fita nema ba?

Abin da nake gani shi ne, yawancinmu muna asarar kuɗi ne saboda muna ɗaukar tafiya a dunƙule, mu nemi abin hawa guda ya ɗauke mu daga ƙofar gida ya dire mu a ƙofar wurin aiki. Alhali kusan kowace tafiya a garin nan gaɓa biyu ce. Akwai doguwar gaɓa a kan babban titi, irin su titin Zariya, titin Katsina, titin Gwarzo, titin Haɗeja da titin Maiduguri. Akwai kuma gajeriyar gaɓa, daga bakin titi zuwa cikin unguwa. Abin hawan da ya fi sauƙin kuɗi a ta farko ba ya ma shiga ta biyu, wanda kuma ya ƙware a ta biyu tsada yake yi idan aka ja shi zuwa ta farko.

Bas ce ta fi kowa arha, kuma ba don direbobinta sun fi tausayi ba. Direba ɗaya ne, inji ɗaya, tankin mai ɗaya, amma mutum 14 zuwa 18 ne ke raba kuɗin a cikin Hayis, doguwar bas kuwa ta ɗauki fiye da 40. Adaidaita mutum uku take ɗauka a baya. Duk ranar da mai ya ƙara kuɗi, ƙarin da zai faɗo kan fasinjan bas ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da wanda zai faɗo kan fasinjan adaidaita. Abin da za ka biya a madadin wannan sauƙi shi ne lokacinka da jikinka. Bas ba ta tashi sai ta cika, kuma babu mai iya gaya maka ko minti biyar za ta yi tana lodi ko rabin awa. Kujerar mutum uku a zaunar da huɗu, kwandasta ya rataye a ƙofa, a tsaya a kowace kwana ana sauke wani ana ɗaukar wani, sannan a yi ta fama da canji. Idan ka shiga da farar shadda ka san abin da ka saya.

Babbar matsalar bas a Kano ma ba wannan ba ce, ƙarancinta ne. Waɗanda suka yi wayo kafin shekarun 2000 sun san lokacin da Hayis da tasi ke riƙe da garin, ana lodi a 'Yan Kura da Bata da Ƙofar Wambai zuwa kowace kusurwa. Acaɓa ta fara cin kasuwarsu, adaidaita ta zo ta ƙarasa. A ƙarshen 2022 gwamnatin Ganduje ta ƙaddamar da motocin Kanawa, bas 100 da tasi 50, har aka sanar da hana adaidaita bin wasu manyan tituna domin a bar wa bas ɗin hanya. Ba a je ko'ina ba aka janye hanin, saboda kowa ya ga bas ɗari ba za ta ɗauke mutanen ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni ba. A Legas, da suka fara bas ɗin BRT a watan Maris na 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, layi na musamman suka keɓe mata a titi, shi ya sa take wuce cunkoso. Tamu kuwa, duk inda adaidaita ta maƙale a Kurna ko Ƙofar Ruwa, nan ita ma za ta maƙale. Maganar jirgin ƙasa na cikin gari kuma an daɗe ana yin ta, amma mai fita aiki gobe da safe ba zai sa ta a lissafinsa ba.

Saboda haka shawarata game da bas gajeriya ce. Idan akwai wadda ke bin babban titin da ya haɗa unguwarku da inda kake zuwa, kuma kana iya fitowa da wuri, kada ka raina ta. Idan babu, to ba ka da zaɓin da za ka yi nadamar bari.

Adaidaita ce ainihin motar Kano a yau, kuma tana buƙatar a tsaya a kanta sosai. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ce ta shigo da ita a tsakiyar shekarun 2000, a ƙarƙashin shirinta na A Daidaita Sahu, domin mata su samu abin hawa bayan an hana su hawa acaɓa. Da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero hari a watan Janairun 2013, gwamnatin Kwankwaso ta hana sana'ar acaɓa a cikin birni, dubban matasa suka sayar da baburansu suka koma mai ƙafa uku. Daga nan Bajaj da TVS masu ruwan ɗorawa suka cika gari.

A ƙasashen Turai da Amurka, kamfanoni sun kashe maƙudan kuɗi suna ƙoƙarin ƙirƙiro tsarin da ƙaramar mota za ta fito lokacin da ake buƙatarta, ta haɗa mutanen da ba su san juna ba amma hanyarsu ɗaya, kowa ya biya kuɗin kujerarsa. Wannan shi ne abin da ɗan sahu, wato direban adaidaita, ke yi kullum da ido da baki. Tsaya a Kabuga da ƙarfe bakwai da rabi na safe ka gani. Zai rage gudu ya karkato da kai, ka ce “Bata.” Idan babu kowa a ciki, kai ne ka zana masa hanya. Idan da wata baiwar Allah a baya da ta riga ta ce Asibitin Murtala, sai ya yi shiru na ɗan daƙiƙa yana auna titunan a ransa, ko dai ya ce “shigo, Malam, sai dai za mu bi ta cikin gari mu sauke Hajiya,” ko ya girgiza kai ya ja gaba. Kafin Tal'udu ya ɗaga yatsa ɗaya sama yana kiran saura mutum ɗaya. Babu manhaja, babu data, babu rajista, kuma a kan manyan tituna da rana da wuya ka yi minti biyar ba ka samu wadda ta dace ba. Babu tsarin waya da zai yi gogayya da wannan saurin.

Inda take da ƙarfi shi ne tafiya gajeriya da matsakaiciya, da kuma shiga inda mota ba ta shiga. Lungunan Yakasai da Mandawari da Gwammaja, da sababbin unguwannin bayan Ɗorayi da Sheka da Rimin Kebe inda kwalta ba ta kai ba, duk nata ne. Inda take da rauni kuwa shi ne doguwar tafiyar da ta ratsa gari. Daga Mariri zuwa sabuwar jami'ar Bayero, alal misali, da wuya ka samu guda ɗaya da za ta kai ka a kuɗin kujera. Sai ka sauka sau biyu ko uku, kuma kowace hawa tana da mafi ƙarancin kuɗin da ba a sauka ƙasa da shi, ko da tafiyar ba ta kai kilomita ɗaya ba. A nan ne kuɗi ke zurarewa ba a lura ba: ɗari biyu nan, ɗari uku can, a dawo da yamma a maimaita, wata ya ƙare mutum yana mamakin ina albashi ya shiga.

Sai kuma abin da jiki ke sha. Ƙurar hunturu, da hayaƙin tirela, da ruwan damina da labulen leda ba ya tarewa. A titunan da manyan motoci ke gudu, irin su titin Zariya bayan Na'ibawa ko hanyar Dawanau, adaidaita ba ta da abin da zai kare fasinja idan tsautsayi ya gitta. Ga ƙwacen waya, wanda ya sa duk mai hankali ba ya zama a gefe yana latse-latse. A watan Yulin 2022 gwamnati ta hana adaidaita aiki daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe saboda dalilan tsaro, don haka mai tashi daga aiki da dare ko mai sammakon filin jirgi ba zai dogara da ita ba. Hukumar Hisbah ma ta sha jan kunne kan cakuɗa maza da mata a kujera ɗaya, kuma ko babu doka, mata da yawa sun fi son su jira wadda mata ke ciki, abin da ke ƙara musu tsawon tsayuwa a bakin titi. Wanda kuma ya ga yajin aikin 'yan sahu na watan Fabrairun 2021 da na Janairun 2022, kan harajin kullum da kuɗin sabunta rajista a KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, ya san yadda garin ke zama idan sun ajiye makulli: mutane a ƙafa daga Unguwa Uku har Sabon Gari, wasu a tsaye a bayan a-kori-kura.

Yana da kyau fasinja ya san lissafin da ke kan ɗan sahu, domin shi ke bayyana farashin da zai faɗa maka. Yawancinsu ba su ne masu mashin ɗin ba. Akwai balas da zai kai wa mai shi kullum ko duk mako, ko kuma biyan kaɗan-kaɗan idan a kan yarjejeniyar mallaka ya karɓa. Akwai mai, da haraji, da kuɗin ƙungiya, da bakanike, kafin a zo kan abin da zai kai gida. Abin da ya fi tsana shi ne tafiya babu fasinja. Shi ya sa idan ka ce masa ya shiga da kai can ƙarshen unguwa sai ya yanka maka kuɗin da zai ba ka haushi. Ba nisan yake caji ba, dawowar da zai yi fayau yake caji.

Wannan ya kawo mu ga shata. Idan ka ɗauki shatar adaidaita, kujeru uku ka saya, ka kuma ɗora kuɗin dawowarsa idan inda za ka ba wurin samun fasinja ba ne. A ce kujera naira 300 ce a wata hanya. Shatar wannan hanya ba za ta yi ƙasa da 900 ba, sau da yawa ma ta haura dubu. Ga mutum ɗaya mai zuwa aiki kullum wannan ɓarna ce tsagwaronta. Amma ga uwa da 'ya'ya biyu, ko mai ɗauke da dilar atamfa daga Kwari, ko mai kai tsohuwa asibitin Malam Aminu Kano, shata ba tsada ba ce, domin ko da ma kujerun zai cike. Sharaɗi ɗaya ne: a gama ciniki kafin a hau, a ambaci ainihin wurin sauka. “Gyaɗi-Gyaɗi” daban, “cikin asibiti, bakin sashen gaggawa” daban. Rigimar da ake yi a wurin sauka kusan duk daga nan take tasowa.

Motar da ake kira ta waya, irin su Bolt da Uber, mutane da yawa na ɗaukarta a matsayin wani sabon abu dabam. A gaskiya shata ce, sai dai ta mota, kuma manhaja ce ke yin cinikin. Ba ta haɗa ka da baƙo ku raba kuɗi. Abin da take sayar maka abu uku ne da adaidaita ba ta da su. Na farko, ka san kimanin kuɗin kafin ka hau. Na biyu, sunan direba da hotonsa da lambar motarsa suna rubuce, kuma za ka iya tura wa ɗan'uwanka tafiyar yana kallon inda kuka kai. Ga mace mai tafiya ita kaɗai, ko baƙon da ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano bai san gari ba, wannan ya fi ƙarfin kuɗin da aka ɗora. Na uku, rufi da ƙofa da gilashi: ka isa wurin ɗaurin aure ko ganawar neman aiki ba tare da ƙura a gira ba.

Sai dai kada a ɗauka abin yana tafiya sumul kamar yadda yake a talla. Kamfanin yana cire kusan kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na kuɗin kowace tafiya, kuma tun da mai ya yi tsada direbobi ke kukan abin da ya rage ba ya isar su. Sakamakon haka, da zarar ka kira sai wayarka ta yi ƙara: “Ranka ya daɗe, ina za mu?” Idan wurin bai yi masa ba ya ce ka soke, ko ya ce sai ka ƙara wani abu a kan abin da manhaja ta nuna, ko ya nemi ku kashe manhajar ku yi ciniki tsakaninku. Wannan na ƙarshen shi ne wanda ban yarda da shi ba ko kaɗan, musamman da dare. Da zarar an kashe, rikodin da ka biya kuɗi dominsa ya tafi, ka koma cikin motar mutumin da ba wanda ya san kana tare da shi. Na'urar sanyaya mota ma ta zama abin ciniki, gara ka tambaya tun a waya. Farashi kuma yana tashi idan masu kira sun yi yawa, wato daidai lokacin da hadari ya haɗo ko aka tashi daga biki.

Akwai kuma matsalar da ta shafi yadda garin yake. Motocin sun fi yawa a wajen Nassarawa GRA, Bompai, titin Gidan Zoo da kewayen manyan kantuna da otal-otal. Idan kana can cikin Kumbotso ko Ungogo, za ka iya daɗewa kana kallon waya babu wanda ya karɓa. A cikin Badala kuwa, wato tsohon birni, taswira ba ta san lungu ba. Alamar da ka sa za ta nuna bayan gidanku, direba ya tsaya a wani titi dabam, ku ɓata minti goma kuna “ka ga masallacin Juma'a? To ka wuce mai shayi, akwai taransifoma a hannun dama.” Mafi sauƙi shi ne ka taka zuwa wani sanannen wuri a bakin titi, gidan mai ko banki ko ƙofar makaranta, ka kira daga nan. Kuma duk wannan sai da waya mai caji da data, abin da ba kullum ake da shi ba.

Inda motar waya ke zama mai ma'ana ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne idan an cika ta. Mutum huɗu 'yan gida ɗaya za su biki a Hotoro, adaidaita ɗaya ba za ta ɗauke su ba, shatar biyu kuma sau da yawa ta kai kuɗin mota ɗaya ko ta kusa. A nan a duba manhaja kafin a tsayar da ɗan sahu.

Wani zai ce, me ya hana a sa adaidaitar kanta a manhaja? An gwada. A 2019 kamfanin OPay ya shigo Kano da tsarin kiran adaidaita ta waya, a farashin da ya yi ƙasa ƙwarai da na titi, saboda kamfanin ne ke cike wa direbobi giɓin domin ya tara masu amfani da manhajarsa. Mutane suka yi rububi. A 2020 kamfanin ya janye daga harkar ɗaukar fasinja ya maida hankali kan hada-hadar kuɗi. Ba a nan kaɗai aka ga haka ba. Birnin Helsinki na ƙasar Finlan ya gwada ƙananan bas da ake kira ta waya mai suna Kutsuplus daga 2012, masu hawa suna yabawa, amma aka rufe a ƙarshen 2015 saboda abin da hukuma ke ɗorawa a kan kowace tafiya ya yi yawa. Dalilin iri ɗaya ne ko'ina: kafin a haɗa mutum uku masu hanya ɗaya a lokaci ɗaya ba tare da dogon zagaye ba, sai motoci sun yi yawa kuma masu kira sun yi yawa, kafin a kai nan kuwa wani ne ke biyan asarar. Don haka idan gobe wani sabon kamfani ya zo da garaɓasa, ka more ta iya kwanakinta, amma kada ka kama hayar gida mai nisa ko ka sa yaro a makarantar wata unguwa bisa dogaro da wannan farashin.

Zaɓin da na fi ganin amfaninsa ga mai tafiya iri ɗaya kullum ba shi da manhaja, ba shi da ofis, kuma iyaye masu kai yara makaranta sun daɗe da gano shi: a yi jinga da ɗan sahu guda, mutum uku su haɗu. A layinmu akwai mata uku, biyu ma'aikatan jinya ɗaya malamar makaranta, duk hanyarsu ɗaya. Wani yaro ɗan unguwa, wanda suka san mahaifinsa, yana tsayawa a bakin layi ƙarfe bakwai saura kwata. Ba ya ɗaukar kowa a hanya, ba a ciniki, ba a neman canji. Ranar Juma'a kowacce ta tura masa nata ta waya, abin da ya zama ruwan dare tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023. Shi ya samu kujeru uku cikakku tun fitowarsa, wani ɓangare na balas ɗinsa ya tabbata kafin rana ta ɗaga. Su kuma sun samu saurin shata a kuɗin da bai fi na kujera da yawa ba, da direban da aka san gidansu. Irin wannan tsari ne kamfanin Shuttlers ke yi a Legas da manyan motoci, inda ma'aikata ke kama kujera tun kafin ranar tafiya. Mu a nan rukunin WhatsApp na mutum huɗu ya wadatar.

Amma jinga tana da nata ciwon kai, kuma ita ce ta fi saurin ɓata zumunci idan ba a yi magana a fili tun farko ba. Mutum ɗaya mai nawa zai makarar da kowa. Ranar da ɗaya ba ta je aiki ba, za ta biya ko ba za ta biya ba? Ni a ganina ta biya, domin an riƙe mata kujerar. Ranar da mashin ya lalace ko KAROTA suka kama shi fa? Ya kamata ya kira da wuri, ya turo abokin sana'arsa da kuka sani, ko a cire kuɗin ranar. Idan mai ya tashi, yaushe za a sake zama? Gara a ce duk ƙarshen wata, maimakon ya wayi gari ya ce “Anti, kin san fa yadda mai ya koma.” Kada a biya kuɗin wata gaba ɗaya tun farko, mako-mako ya fi kwanciyar hankali ga kowa. Sannan tafiyar safe ta fi ta yamma sauƙin haɗawa, saboda kowa ya san lokacin shiga aiki amma ba kowa ya san lokacin tashi ba. Da yawa sukan yi jingar safe kaɗai, da yamma kowa ya nemi ta kansa.

Ga mai doguwar tafiya kuwa, haɗa biyu ya fi: adaidaita daga unguwa zuwa babban titi, bas a doguwar gaɓa, sannan ƙafa ko wata gajeriyar hawa a ƙarshe. Dogon titi na bas ne, lungu na adaidaita, kamar dai yadda ake ɗebo ruwa da tulu a sha da moɗa. Wannan ne ma aikin da ya kamata a ce adaidaita na yi a garin da sufurinsa ya tsaru, ta riƙa ciyar da bas da fasinja maimakon ta maye gurbinta. Legas ta bi wannan hanya a 2021 da ta fito da ƙananan bas masu kwaso mutane daga unguwanni zuwa manyan tashoshi. Sai dai ka auna da kyau kafin ka ɗauki wannan tsari. Kowane sauyin mota yana cin lokaci, kuma idan sauƙin da za ka samu bai wuce naira ɗari ba amma za ka ƙara rabin awa, ga mai shagon da ke buɗewa da sassafe asara ce. Ga ɗalibi ko ma'aikacin da lokacinsa ke da ɗan sarari, ɗari biyu a rana sau kwana 22 na aiki naira 4,400 ce a wata.

Akwai kuma ɗan abin da mutane ke mantawa: minti biyar na tafiyar ƙafa yakan sauya farashi. Ɗan sahun da ka tsayar a cikin unguwa shata zai ce maka, wanda ka tsayar a bakin titi kuɗin kujera zai karɓa. Haka nan tsallaka titi zuwa hannun da motoci ke fuskantar inda za ka, ko wuce shataletale kafin ka tsayar, yakan cire maka hawa guda cur. A wuraren da aka yi gadoji, irin su Ƙofar Nassarawa da Dangi da Hotoro, tsayawa a hannun da bai dace ba na nufin sai direba ya yi dogon zagaye kafin ya juyo, kuma kai za ka biya zagayen.

Mai fita bayan goma na dare, da mai jirgin asuba, da mai matar da ta kusa haihuwa, su nasu lissafin ba na arha ba ne. Su nemi lambar direban mota guda ko biyu da suka yarda da su tun kafin buƙata ta taso, su ajiye manhaja a matsayin madadi. A gaya wa direban tun da rana, a yi ciniki, a sake kiransa bayan sallar isha'i a tabbatar yana da mai a tanki.